Daga Wa Ka Ji?

Duk wanda ya taɓa zama a majalisar alƙali ya san wata tambaya guda wadda ba ta wuce mai ba da shaida. In ya ce abu kaza ya faru, sai a ce masa, "Da idonka ka gani, ko kuwa ji ka yi? In ji ka yi, daga wa ka ji?" In ya kawo amsa, maganarsa ta zauna. In kuwa ya tsaya yana inda-inda, sai a sallame shi, kome yawan kantun da ya zuba wa zancensa.

To, wannan tambaya ita ce tushen abin nan da mutanen jami'a suke kira bincike. Mutane da yawa, musamman waɗanda suka sami karatu da girmansu, suna tsammani bincike wani asiri ne wanda sai mai digiri kaɗai ya san bakinsa. Ba haka ba ne. Bincike shi ne mutum ya riƙe tambaya guda, ya bi sawunta a cikin littattafai da takardu da bakin mutane, ya auna abin da ya samo, sa'an nan ya faɗi abin da ya gano tare da inda ya samo shi. Labarin wani saurayi daga wani ƙauye a arewacin Kano zai nuna yadda ake fara wannan aiki, da kuma irin tuntuɓen da akan yi a bakin ƙofa.

Saurayin nan ɗan manomi ne, yana karatun tarihi a Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru, Zariya, wadda aka buɗe a 1962. Ya kai shekarar ƙarshe, lokacin da ake sa kowane ɗalibi ya rubuta kundi na binciken kansa kafin a ba shi digiri. Kafin ya kai nan, ubansa ya sayar da sa guda daga cikin shanun hudarsa, ya kuma jinginar da wata 'yar fadama. Saboda haka in kundin bai karɓu ba, ba kunya kaɗai za a sha ba, wata shekara ce ta kuɗin makaranta wadda gidan ba shi da halin biya.

Da aka ce kowa ya kawo abin da zai yi bincike a kai, sai ya rubuta, "Tarihin noma a Arewacin Nijeriya." Ya koma ɗaki da wayarsa, ya shiga intanet, ya yi ta kwaso duk abin da ya ci karo da shi, ya ɗinka wannan da wancan. Cikin mako biyu ya haɗa babi guda, ya kai wa malamin da ke duba aikinsa yana murna.

Malamin ya karanta shafi biyu, ya sa alƙalami a kan wani layi inda aka ce dalar gyaɗa ta Kano ta ɓace ne don an sami man fetur. Ya ce, "Wa ya faɗi wannan?"

Saurayi ya ce, "Allah ya gafarta Malam, ai kowa ya san haka."

Malam ya ce, "Kowa ba suna ba ne. A wane littafi, wane shafi, wace shekara?" Saurayi ya yi shiru. Malam ya miƙa masa takardunsa, ya ce, "Abu biyu ne ke damun wannan aiki. Na fari, ba naka ba ne, kuma wanda ya ɗauki rubutun wani ya ce nasa ne, a jami'a laifinsa na iya kai shi ga kora. Na biyu, abin da ka ɗauko ya fi ƙarfinka. Noman Arewa duka, tun daga yaushe, har zuwa yaushe? Tafi laburare, kada ka komo sai da tambaya guda wadda za ta shiga layi biyu."

Babban laburaren jami'ar sunansa Laburaren Kashim Ibrahim, don tunawa da Sir Kashim Ibrahim, mutumin Barno, wanda ya yi Gwamnan Jihar Arewa daga 1962 zuwa 1966. Shekara uku saurayin nan yana shiga wannan gini, amma ba ya zuwa sai jarrabawa ta ƙarato, ya nemi kujera ya haddace abin da malamai suka shifta. Bai taɓa neman littafi da kansa ba. Ran nan ya nuna katinsa a bakin ƙofa, ya ajiye jakarsa inda ake ajiya, ya hau sama. Ya ga kantoci jere-jere, kowace maƙil da littattafai, ya rasa ta inda zai kama. Ya ciro wannan ya mayar, ya ciro wancan ya mayar, har azahar ta yi bai ƙaru da kome ba, kamar baƙauyen da ya shiga kasuwar Kurmi ba tare da sanin abin da ya zo saye ba.

Akwai wani dattijo ma'aikacin wurin da ke lura da shi tun da safe. Ya matso ya ce, "Samari, me ake nema?"

Ya ce, "Baba, littafin noma nake nema."

Dattijo ya yi murmushi, ya ce, "In na nuna maka littattafan noma, har ka yi furfura irin tawa ba ka gama su ba. Wane noma? Na ina? Na yaushe? Mene ne kai kanka kake so ka sani, wanda in ka kwanta yake hana ka barci?"

Saurayi ya yi tunani, sai kakansa ya faɗo masa a rai. Tsohon kullum zancensa shi ne zamanin gyaɗa, lokacin da da kaka kowane gida ke ɗinka sabuwar riga, ana aure, ana sayen keke. Yanzu kuwa a ƙauyen gero da dawa da wake sun fi yawa, gyaɗa sai ɗan abin ƙuli-ƙuli. Ya ce, "Ina so in san abin da ya sa mutanen garinmu suka rage noman gyaɗa."

Dattijo ya ce, "Yauwa, yanzu ka yi magana. Sa mata iyaka ta wuri da ta lokaci." Nan take suka zauna, suka rubuta: me ya sa manoman gundumar kaza suka rage noman gyaɗa tsakanin 1970 da 1980? Wannan shi ne matakin farko na kowane bincike, kuma shi ne wanda aka fi tsallakewa. Ƙaramar tambaya tana da amsa. Babbar tambaya kuwa sai ta haɗiye mai ita.

Daga nan dattijo ya kai shi sashen littattafan da ba a bayar da su aro, watau ƙamusoshi da kundayen sani da taswirori. Ya ce masa ba a nan ake gama bincike ba, amma a nan ake share fage, don mutum ya san shekaru da sunaye da kalmomin da masana ke amfani da su. Gyaɗa, alal misali, Turawan Ingila da na Amurka kowa da sunan da yake kiranta, masana tsirrai kuma suna da nasu na Latin. Wanda ya san suna guda kaɗai, rabin abin da aka rubuta zai wuce shi.

Sa'an nan ya nuna masa katalogi, watau rijistar dukan littattafan da ke cikin laburare. Da can katuna ne a cikin 'yan akwatuna, an jera su bisa haruffa, yanzu kuwa yawanci a cikin kwamfuta yake. Ana neman littafi ta hanya uku: ta sunan marubuci, ta sunan littafi, ko ta batun da yake magana a kai. Kowane littafi yana da lamba a ƙeyarsa, wadda take kamar lambar fayil a ofis. Wanda ya san lambar, ya san ɗakin da kantar da gurbin.

Tsarin lambobin nan iri biyu ne suka fi shahara. Akwai wanda wani Ba'amurke, Melvil Dewey, ya fitar a 1876, ya raba ilmi gida goma, daga 000 zuwa 900, an fi samunsa a laburaren gari da na makarantu. Akwai kuma tsarin Laburaren Majalisar Amurka, wanda jami'o'i da yawa a Nijeriya suke bi, shi da haruffa yake farawa. Harafin D na tarihi ne, DT tarihin Afirka, S na noma, SB shuke-shuke da cututtukansu, HD kuwa sha'anin ƙasa da tattalin arzikin noma da masana'antu. Amfanin wannan tsari shi ne littattafai masu magana kan abu guda maƙwabtan juna ne. In mutum ya je ɗaukar ɗaya, ya dubi dama da hagu, sau da yawa wanda ya fi bukata yana nan kusa, bai ma san da shi ba.

Littafin farko da saurayin nan ya samu shi ne na wani masanin tattalin arziki, Jan Hogendorn, wanda aka buga a 1978, kan asalin cinikin gyaɗa a Nijeriya. A ciki ya tarar da abin da bai taɓa ji ba. Lokacin da dogo ya iso Kano a 1911, auduga Turawa suke sa rai za su riƙa kwasa don masaƙun Ingila. Amma manoma suka auna, suka ga gyaɗa ta fi riba, in kuma kasuwa ta faɗi ana iya cinta, auduga kuwa ba ta ciyuwa. Fataken goro, waɗanda suka daɗe da sanin hanya da mutane, su suka shiga ƙauyuka suna ƙarfafa manoma suna saye. A Turai kuma ana bukatar man gyaɗa don yin man shafa wa burodi da sabulu. Daga cikin fataken nan ne Alhassan Ɗantata ya fito, wanda ya rasu a 1955, ana kuma danganta sunansa da dalar gyaɗa ta Kano. Saurayi ya ga ashe kakanninsa ba tura su aka yi kamar tumaki ba, lissafi suka yi.

Ya ɗauki alƙalami zai fara kwafe littafin daga shafin farko, sai dattijo ya tsai da shi. Ya koya masa cewa mai bincike ba ya karanta littafi kamar tatsuniya. Da fari ya dubi shekarar bugu da wanda ya buga, sa'an nan jerin babi-babi, sa'an nan gabatarwa da kammalawa. Bayan haka ya juya can ƙarshe, inda akwai fihirisa, watau jerin kalmomi da shafin da kowace take, ya nemi abin da ya shafe shi. A ƙarshen nan kuma akwai abin da ya fi kome daraja ga mai farawa, shi ne jerin littattafai da takardun da marubucin ya yi amfani da su. Littafi guda mai kyau yakan nuna hanyar wasu goma, su kuma su nuna wasu. Da ɗan gari akan ci gari.

Ya kuma sa shi ya sayi 'yan katuna. Kowane kati magana guda. A sama a rubuta sunan marubuci, da sunan littafi, da inda aka buga, da shekara, da shafi. In kalmomin marubucin aka ɗauka daidai, a sa su cikin alamar zancen wani. In da bakin kai aka faɗa, har wa yau a rubuta inda aka samo. Ya ce masa, "Wannan kati shi ne rasit ɗinka. Ran da aka ce daga wa ka ji, shi za ka fitar. Kada ka ce sai gobe za ka rubuta shafi, gobe littafin yana hannun wani."

Mako na biyu ya shiga sashen mujallu. Mujallar ilmi ta bambanta da jarida, domin kafin a buga maƙala a cikinta sai an aika wa wasu masana na fannin sun duba, sun nuna kurakurai, an gyara. Sababbin bincike a nan suke fara fitowa kafin su shiga littafi. Yawancinsu yanzu ta kwamfuta ake karanta su, a rumbuna irin su JSTOR, da AGORA wanda Hukumar Abinci da Noma ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta buɗe a 2003 don ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi su sami mujallun noma. A nan saurayi ya gane cewa intanet ba ita ce ta cuce shi da fari ba. Intanet kasuwa ce, akwai hatsi mai kyau, akwai mai tsakuwa. Abin dubawa a kowane rubutu shi ne wa ya rubuta, yaushe, me ya dogara da shi, kuma wa ya duba masa.

Ya duba kundayen ɗaliban da suka gabace shi, don kada ya share watanni yana huɗa gonar da wani ya riga ya girbe. Ya je laburaren Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru, wadda asalinta tun 1922 ne. Ya kuma karanta littafin Michael Watts na 1983 kan abinci da yunwa da talakawan Arewacin Nijeriya.

To, a nan ne wata sabuwar wahala ta taso masa. Masanan ba bakinsu ɗaya ba. Masana aikin gona sun fi ɗora laifin a kan farin da aka yi a shekarun 1972 zuwa 1974, da kuma cutar nan ta 1975 wadda wasu ƙananan ƙwari ke yaɗawa, ganye ya murɗe ya yi rawaya, gindi ya tsumbure, ba 'ya'ya. Masana tattalin arziki kuwa suna nuna cewa hukumar sayen amfanin gona, wadda ita kaɗai ke da ikon fitar da gyaɗa waje, ta daɗe tana biyan manomi ƙasa da kuɗin kasuwar duniya, har gwiwarsa ta yi sanyi. Wasu kuma suka ce kuɗin man fetur ne ya ja samari zuwa birni, ƙodago ya yi tsada.

Saurayi ya koma wurin malaminsa a rikice, ya ce, "Malam, wanne ne mai gaskiya a cikinsu?"

Malam ya ce, "Madalla. Yau ka fara bincike. Da ka zo mini da amsa ba tambaya, yau ka zo da tambaya. Waɗannan duk ji suka ba ka. Tafi ka nemo waɗanda suka gani."

Ya bayyana masa cewa shaida iri biyu ce. Akwai ta wanda ya zo daga baya ya yi nazari ya rubuta littafi. Akwai kuma ta lokacin da abin ya faru, kamar rahoton ma'aikata, da wasiƙu, da jaridu, da rijistar haraji, da bakin waɗanda aka yi abin a gabansu. Irin wannan ta biyu ita ce ke raba gardama. Saboda haka saurayi ya bi tsofaffin kofe na Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, da na New Nigerian, wadda ta fara fitowa a Kaduna a 1966. Ya karɓi takardar gabatarwa daga sashensu, ya tafi Kaduna, gidan adana takardun tarihi na ƙasa, inda ake ajiye fayilolin larduna da na En'e, ya kuma leƙa Gidan Arewa, tsohon gidan Sardauna, wanda aka mai da cibiyar binciken tarihi a 1970 ƙarƙashin Farfesa Abdullahi Smith.

Da hutu ya zo, ya tafi gida don ya tambayi dattawa. Kakansa na zaune a zaure, ya gan shi da katuna da alƙalami, ya ce, "Kai abokina, duk littattafan Zariya ba su ishe ka ba, sai ka zo ka dami tsoho?" Da ya ji abin da ake nema, sai ya aika aka ɗauko masa wata tsohuwar adaka. A ƙarƙashin riguna ya ciro wani ɗan littafin rubutu, bangonsa ya yi baƙi, gara ta ci gefe.

Ashe tsohon nan yana saurayi ya shiga ajin Yaƙi da Jahilci a shekarun 1950, ya sami takardar shaida. Tun daga lokacin, kowace kaka sai ya rubuta buhu nawa ya samu, nawa aka saya, wa ya saya, da abin da ya biya na haraji. Ba wanda ya sa shi, shi dai yana gudun kada a cuce shi a wurin awo. Rubutun manya-manya ne, ba aya ba waƙafi, wasu shafuna ma ba shekara. Amma jikan ya lura da inda lissafi ya bar fam da sule ya koma naira da kwabo. Da yake ya riga ya karanta cewa a farkon 1973 ne aka canja kuɗin Nijeriya, sai ya kafa wannan shafi ya zama turke, ya ƙirga gaba da baya, har kowane shafi ya sami shekararsa. A shafin da ya faɗo kan 1975 ba lissafi ko ɗaya, sai kalma biyu kawai, "Ba gyaɗa."

Bai tsaya ga kakansa kaɗai ba, domin shaidar mutum guda ba ta yanke hukunci, tsufa kuma yakan haɗa shekara da shekara. Ya tambayi waɗansu dattawa, kowa shi kaɗai, ya rubuta suna da rana da wurin da aka yi hirar. Ya gwada bakinsu da littafin tsoho, ya gwada littafin tsoho da jaridu da rahotanni. Abin da ya fito masa game da gundumarsu shi ne, tun kafin fari mutane sun fara gunaguni kan farashi suna rage gona. Fari ya zo ya cinye iri, cuta ta zo ta ƙarasa, kuma da damina ta gyaru ba wanda ya ga dalilin komawa, tun da hatsi ya yi daraja. Watau kowane masani yana riƙe da gefe guda na gaskiya. Saurayi ya rubuta haka, ya kuma faɗa a fili cewa abin da ya gano na gundumarsu ne, bai ce haka yake a Katsina ko Barno ba.

Da ya kai kundin, malam ya sa alƙalami a kan wani layi kamar da, ya ce, "Wa ya faɗi wannan?" Saurayi ya nuna masa ƙasan shafi, ga sunan kakansa, ga shafin littafinsa, ga kuma jaridar da ta ƙarfafa shi da ranar da ta fito. Malam ya gyaɗa kai, ya ci gaba da karatu. Kundin ya karɓu, aka ajiye kofe guda a jami'a, inda wani ɗalibin zai zo wata rana ya ɗora daga inda aka tsaya. Da albashinsa na bautar ƙasa saurayi ya fara tara abin fansar fadamar ubansa.

Mai karatu wanda ya koyi baƙi da wasali da girmansa, kada ya ce wannan zance na 'yan jami'a ne, ba ruwansa. In yana da ɗa ko jika a makaranta, ya gaya masa ya shiga laburare da tambaya a hannu, kada ya ji nauyin tambayar ma'aikatan wurin, gama don haka aka ajiye su, ya kuma rubuta inda ya samo kowace magana. Shi kuma kansa ya sayi ɗan littafin rubutu, ya riƙa sa ranar da ruwa ya sauka, da abin da gona ta ba shi, da kuɗin mudu a kasuwa, ya sa kwanan wata da shekara a kowane shafi, ya ajiye inda gara ba za ta kai ba. Tsohon nan da aka ba da labarinsa bai taɓa taka ƙofar jami'a ba, amma yau sunansa yana cikinta, a jere da na farfesoshi.